Kibiyoyin Gwadabe Duk Gabas Suke Kallo

Shekara ashirin da uku Malam Gwadabe ya yi yana buga tafireta a ofishin wata sakandiren 'yan mata da ke Dutse, tun Jigawa tana cikin Kano, kuma a duk tsawon shekarun nan rana ba ta taɓa faɗuwa bai shaida wa wani cewa babu mai saurin yatsunsa ba. In ya zauna a majalisar ƙofar gidansa a Yalwawa, sai ya baje yatsun nan goma a kan gwiwa kamar mai tallarsu, ya ce wai ya taɓa buga wasiƙa ya gama tun mai ita bai gama tunanin abin da zai ce ba. Maganar gaskiya, yana da sauri. Kunne ne dai ba shi da shi, don ba a taɓa samun wanda ya kai ƙarshen zance a gabansa ba.

A shekarar da ake ta hayaniyar zaɓe, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta sayo wa makarantar kwamfuta guda ɗaya, da firinta, da injin kwafi. Aka ware musu ɗaki, aka shimfiɗa kafet, aka ɗaura fanka. Ranar Litinin da safe shugabar makaranta, Hajiya Bilki, ta kira Gwadabe ofishinta, makullin ɗakin yana ajiye a gabanta.

Ta ce, "Malam Gwadabe, daga yau duk bugun makarantar nan a kwamfuta za a yi. Tafireta za ta koma sito. Ranar Alhamis 'yan aji biyar suna da jarrabawar lissafi. In ka buga takardar nan daidai, makulli naka ne. In ta gagare ka, sai in ba wani, kai kuma ka bi tafiretarka sito, ka riƙa kula da alli da tsintsiya."

Gaban Gwadabe ya faɗi, don saura shekara huɗu ya yi ritaya, kuma ba ya son ya ƙare su cikin tsintsiya. Amma bakinsa bai san da wannan ba.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, kwamfuta ai tafireta ce da aka sa wa talabijin. Alhamis ma ta yi nisa. Ki ce a sa jarrabawar gobe."

Ya ɗauki makulli, ya zura masa igiya, ya rataya a wuya ta saman riga yadda kowa zai gani.

Bai daɗe da zama ba Malama Mashkura, malamar lissafi, ta yi sallama da tambayoyinta rubutattu da hannu. Mace ce mai sanyin magana, irin wadda sai ka yi shiru kake jin ta. Ta ajiye takardun ta nuna masa da yatsa.

"Baba Gwadabe, wannan karon darasin bekta ne. Ka ga waɗannan haruffan masu 'yar kibiya a ka? Kibiyar ita ke nuna inda aka nufa, daga nan zuwa can. Guda sittin da huɗu ne, kuma duk dama suke kallo. A manhajar lissafin da ke cikin kwamfutar nan, akwai wata hanya mai sauƙi da ake..."

Gwadabe ya ɗaga mata hannu. "'Yata, lokacin da na fara ɗora kibiya a kan harafi, ke ko rarrafe ba ki fara ba. Je ki aji, yara na jiran ki."

Ta ce to, ta fita.

Ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla, ya hau bugu. Ƙarar ta kai har ofishin malamai, don shi bai san ana taɓa maɓalli a hankali ba, dukansa yake yi kamar mai bin sa da gaba. Da ya kai ƙarshen layin farko, hannunsa na hagu ya tashi da kansa neman ƙarfen da ake turawa a tafireta, bai samu ba, sai ya sauka a gefen talabijin ɗin, tas. Kwamfuta ta girgiza. Ya waiwaya, ya ga ba kowa, ya shafa mata kai. Kafin ƙarfe sha ɗaya ta sha mari goma sha biyu, amma rubutu ya kammala, shafi biyu cif. Saura kibiyoyi.

A tafireta abin ba wuya. Ka buga harafi, ka danna maɓallin komawa baya, ka murɗa takarda kaɗan, ka ɗora alama a kansa. Gwadabe ya je kan harafin farko ya danna komawa baya. Harafi ya ɓace. Ya ƙura ido. Ya ce wataƙila bai koma sosai ba, ya sake dannawa, na kusa da shi ma ya ɓace. Ransa ya ɓaci, ya ɗora yatsa ya danne, sai ga shi kwamfuta tana lashe tambaya ta uku tun daga wutsiya har kai, ta shiga ta biyu.

Ya ce, "Ke, wace irin mayunwaciya ce? Na ce ki koma baya, ban ce ki ci ba."

Ya sake bugawa. Daga nan ya kama linzamin nan da ake ja a kan tebur, wanda shi yake kira ɓera, ya shiga laluben kibiya a cikin manhajar. Ya buɗe taga, ta haifi wata tagar, ita ma ta haifi wata. Hannun da ya saba da duka bai iya lallashi ba, in ya nufi gabas ɓera ya yi kudu. Sai da aka kira azahar ya samu kibiya ɗaya tak, ita ma ta sauka a ƙarƙashin harafi, ƙatuwa, har ta ture layin ƙasa. Ya yi lissafi da yatsu, ya ga in haka za a tafi, sittin da huɗu sai bayan Babbar Salla.

Da yamma a majalisa kuwa, makulli na lilo a ƙirjinsa, ya ce wa jama'a kwamfuta ta sha wuya a hannunsa yau, har sai da ya tsaya ta huce.

Talata da safe Malama Mashkura ta leƙo.

"Baba, ina kwana? Na ce ko in nuna maka maɓallan nan guda..."

"Lafiya lau, Malama. Maɓallai ɗari da 'yan kai ne a nan, kuma kowanne na san shi da sunansa. Ja mini ƙofar, fanka na fitar da iska."

Tana fita dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke sa mutum ya miƙe tsaye shi kaɗai yana dariya. Wa ya ce dole kwamfuta ce za ta yi kibiyar? Ya goge ƙatuwar nan, ya fitar da takardar a firinta babu kibiya ko ɗaya, ya kai injin kwafi ya zuba masa duk takardun da aka ba shi, ya fitar da na ɗalibai ɗari da ashirin. Ya rungumo su ya bi ta gaban ofishin Hajiya Bilki a hankali, har da tari.

Ta ɗago kai. "Har ka gama?"

"Ranki ya daɗe, saura 'yar kwalliya."

Ana tashi ya hau babur ɗin haya sai kasuwa, rumfar Ɗanmusa mai sassaƙa hatimi. Ya zana masa 'yar kibiya a bayan ambulan.

"Irin wannan nake so, ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, tana kallon dama. Guda shida. Gobe da safe."

Ɗanmusa ya juya ambulan ɗin. "Yallaɓai, ba suna, ba ofis, ba kwanan wata? Kibiya zalla?"

"Aikin kimiyya ne. Ba a bayaninsa a kasuwa."

A gida ya zayyana wa matarsa Luba shirin, tana tsince shinkafa a faranti. Ya ce turawan da suka ƙera kwamfuta sun yi shekaru suna neman hanyar buga kibiya da sauri, ga shi shi ya gano ta a wuni ɗaya.

Luba ta ce, "Malam, takarda nawa ka ce?"

"Ɗari da ashirin."

"Kowacce kibiya sittin da huɗu?"

"Ƙwarai."

"To me ya hana ka buga hatimin a takarda ɗaya, sannan injin ya kwafe sauran da kibiyoyinsu?"

Gwadabe ya dubi bango, ya dubi rufi. Ya tuna takardun makaranta sun ƙare ƙaf, ko ɗaya bai rage ba, kuma neman wasu na nufin komawa gaban Hajiya Bilki da bayani.

Ya ce, "Aikin ofis ba tsintar shinkafa ba ne. Kibiyar kwafi ba ta da ƙarfi."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da tsintarta.

Laraba da sassafe ya karɓo hatiman a ƙulle cikin leda, ya shiga ɗakin kwamfuta ya kulle ƙofa. Ya dangwali tawada ya gwada a bayan hannunsa. Kibiya ta fito tsaf, kyakkyawa, amma hagu take kallo. Ya gwada na biyu, hagu. Duka shidan hagu. Ya zabura ya fito, ya yi kiciɓis da Malama Mashkura a bakin ƙofa.

"Baba, gobe ce fa jarrabawar. Minti ɗaya kawai, in ka danne..."

"Malama, an cuce ni a kasuwa, ba ni da minti."

Tun daga nesa ya fara yi wa Ɗanmusa faɗa, har masu rumfunan kusa suka taso.

"Dama na ce maka ko hagu? Shekara nawa kana wannan sana'a ba ka san hannun da kake cin tuwo da shi ba? Ka ɓata mini aikin gwamnati."

Ɗanmusa ya karɓi hatimi ɗaya, ya dangwali tawada, ya buga a takarda, kibiya ta kalli hagu. Ya juya hatimin a tsakanin yatsunsa, kai ya koma ƙasa, ya sake bugawa. Kibiya ta kalli dama. Ya miƙa masa.

Wani mai sayar da kwado ya fashe da dariya har ya riƙe ciki.

Gwadabe ya gyara hula. "Na sani. Gwada ka nake yi, in ga ko kai ma ka sani."

"To na ci, yallaɓai?"

"Da ƙyar."

Bayan la'asar ya tara 'yan majalisa a zaurensa. Akwai Muntaka tela, akwai Baffa Idirisu dillalin shanu, wanda ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi amma boko bai taɓa haɗa su hanya ba, da wasu dattawa biyu. Ya shimfiɗa babbar tabarma, ya sa tulin takardu a tsakiya, ya ajiye soson tawada mai ruwan shuni, ya aika aka sayo tsire. Suka zauna a kewaye, kowa na fuskantar tsakiya kamar masu cin tuwo.

Muntaka ya ce, "Malam Gwadabe, ba an ce takardar jarrabawa sirri ce ba? 'Yata fa tana makarantar."

"Karanta tambaya ta ɗaya ka kai mata."

Muntaka ya duba, ya juya takardar, ya sake dubawa. "Sirrinku na nan lafiya."

Gwadabe ya zauna ya ba kudu baya, yana fuskantar arewa, ya ɗauki hatimi ya yi musu bayani. "Duk inda kuka ga manyan haruffa biyu a jere, ku ɗora musu kibiya a ka. Ku lura da kyau, nan ne ilimin yake. Kibiya ba ta kallon ko'ina sai nan." Ya miƙa hannun damansa.

Baffa Idirisu ya bi hannun da kallo. "Gabas ke nan."

"Gabas, Baffa. Ka gane."

"Alhamdulillahi. Ashe lissafin ma ya san alƙibla."

Da a ce Gwadabe mai sauraro ne, da a nan ya tsaya. Mutanen nan ba wanda ya taɓa yi wa wani kwatance da dama ko hagu. Ko buta suke nema, cewa suke tana arewa da kai. Kuma a duk Yalwawa ba za ka sami dattawan da suka fi su sanin gabas ba, ko da an rufe musu ido. Saboda haka kowa ya riƙe amanar da aka ba shi. Muntaka da ke zaune daura da Gwadabe yana fuskantar kudu, gabas tana hagunsa, kibiyoyinsa suka bi hagu. Baffa Idirisu da ke fuskantar gabas sosai, nasa suka miƙe sama. Wanda ke fuskantar yamma kuwa, gabas tana bayansa, sai nasa suka yi ƙasa suna sukar haruffa a tsakar ka.

Aiki ya kankama. Dangwal, tim, dangwal, tim. Gwadabe bai ɗaga kai ya dubi na kowa ba, shi dai burinsa a ga ya fi kowa sauri, yana yi yana ƙirga nasa da ƙarfi. Baffa Idirisu ya ga sunan makaranta a saman takarda duk manyan haruffa ne, ya ce bai kamata a bar shugabanni ba kibiya a ba talakawa ba, ya jera musu. Tawada ta hau yatsu, daga yatsu ta hau gemu, ta hau tsire.

Wata mata da ta zo wucewa ta leƙa zauren. Ta ga dattawa biyar da tulin takardu, yatsu duk shuni, ana ta dangwale, ga zaɓe saura 'yan makonni. Ba ta tsaya tambaya ba. Kafin a jima ƙofar gidan Gwadabe ta cika, wasu na cewa a kira hukuma, wasu na cewa a fara jin ta wace jam'iyya ce tukuna. Luba ta leƙo daga cikin gida, ta ga taron, ta koma ta saka sakata.

Mai Unguwa ya iso da sandarsa, aka dare masa. Ya tsaya a bakin zaure.

"Malam Gwadabe, a unguwata? Da rana tsaka?"

"Ranka ya daɗe, aikin ilimi ne."

"Haka kowa yake cewa." Ya ɗauki takarda ɗaya ya nisanta ta da idonsa. "Wace jam'iyya ce mai alamar kibiya? Kuma mutum ɗaya ƙuri'a sittin?"

Baffa Idirisu ya ce, "Ni dai an ce in kalli gabas in buga, kuma an ba ni tsire."

Wani daga waje ya ce, "Kun ji ko, har da tsire."

Sai da Gwadabe ya ciro makullin wuyansa ya ɗaga, ya rantse, ya karanta tambaya ta ɗaya da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe. Jama'a suka saurara, ba wanda ya gane ko kalma, sai kowa ya yarda lallai ilimi ne. Aka fara watsewa ana dariya. Mai Unguwa ya dubi sauran tsiren, ya dubi hatimi na shida da ba mai shi, ya jingine sanda.

"Ina ake kallo?"

Suka haɗa baki, "Gabas."

Ya zauna a kusurwa, a karkace, don ƙafarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. Nasa kibiyoyin suka fito a gicciye.

Ana kiran magariba aka buga ta ƙarshe. Gwadabe ya tattara, ya ɗaure da igiya bai duba ba, ya ce wa jama'a su shaida, kibiya dubu bakwai da ɗari shida da tamanin tsakanin la'asar da magariba, a je a tambayi kwamfuta ko za ta iya.

Alhamis ya sa farar riga da hula sabuwa. Ya wanke hannu da sabulu sau uku, shunin nan ko gezau. Ya kai takardu babban ɗakin jarrabawa da kansa, ya tsaya a gaba kusa da Hajiya Bilki da Malama Mashkura, ya harɗe hannu a baya, makulli na walƙiya. Aka raba, aka ce a fara.

Kowacce ta duƙufa a kan takardarta. Sai hannu ɗaya ya tashi.

"Malama, kibiyata baya take kallo."

Wani hannun. "Malama, tawa sama ta nufa."

"Tawa ta soki harafin, ba na ganin ko mene ne."

"Malama, ni har sunan makaranta bekta ne?"

"Tawa ƙamshin ƙuli take yi."

Malama Mashkura ta bi layi tana karɓar takardu tana dubawa, ta dawo da guda biyar ta jera su a tebur gaban Hajiya Bilki. Babu biyu da suka yi kama. Hajiya ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Malam Gwadabe, mene ne wannan?"

Ya leƙa. Nan take ya ga zauren jiya a idonsa, da inda kowa ya zauna. Amma ya daure.

"Ranki ya daɗe, duk gabas suke kallo. Ya danganta da inda yarinya ta zauna ne."

Malama Mashkura ta ce, "Baba, in kibiya ta juya, amsa ta juya. Daga Dutse zuwa Garki daban, daga Garki zuwa Dutse daban."

"Ai nisan ɗaya ne."

"Nisan ɗaya ne, amma ɗaya a gidansa zai kwana, ɗaya a tasha."

Gwadabe ya juya ga ɗalibai ya tafa hannu. "Abu mai sauƙi. Kowacce ta juya takardarta har kibiya ta kalli dama."

'Yan mata ɗari da ashirin suka hau juya takardu. Wata ta ce yanzu rubutun ya koma kai ƙasa. Ya ce to ita ma ta juya. Wata ta tashi ta zagaya bayan teburinta, ta ce har yanzu kai ƙasa ne. Waɗanda suka sami na Mai Unguwa suka karkata wuya kamar kaji na kallon shaho. Wata daga baya ta kasa riƙewa ta tuntsire da dariya, sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, har malaman da ke gadi suna toshe baki da gefen mayafi. Masu shara da mai gadin ƙofa suka taru a taga.

Hajiya Bilki ta buga tebur, ta ce a ajiye alƙalami, kowa ta zauna inda take. Ta dubi Gwadabe. "Wa ya buga waɗannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Da 'yan taimako."

"Su wa?"

Ya lissafa. Da ya kai kan Mai Unguwa, Hajiya ta rufe ido ta yi salati a hankali.

Suka ɗunguma ɗakin kwamfuta, malamai na biye. Gwadabe ya buɗe ƙofa. Hajiya ta tambayi Malama Mashkura ko akwai abin da za a iya yi kafin a tashi.

Ta ce, "Akwai, in Baba zai bar ni in ƙarasa."

Kowa ya juyo yana kallonsa. Gwadabe ya buɗe baki, ya rufe.

Ta zauna, ta buɗe takardarsa a manhajar, ta je kan haruffan farko ta haskaka su. "Ka danne wannan na kusurwa, ka taɓa wannan." Ta taɓa wani maɓalli a gefen dama, wanda hoton kibiya ke zane a kansa ƙuru-ƙuru, tana kallon dama. 'Yar kibiya ta hau kan haruffan ta zauna daram. Ta wuce na gaba. Kafin a kawo wa Hajiya kujera ta yi ashirin, kafin Hajiya ta gama gyara zama ta gama sittin da huɗu.

Gwadabe ya ƙura wa maɓallin ido. Kwana uku yana zaune a gabansa, gwiwar hannunsa ma ta sha gogarsa.

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ai da kin faɗa tun farko."

"Sau uku na fara, Baba."

Aka karɓo takardunsa daga hannun ɗalibai, aka kwafe sabuwar a bayansu, tunda bayan fari ne tas. Aka yi jarrabawa bayan an dawo hutun tara.

Hajiya Bilki ta miƙa hannu a ba ta makulli. Gwadabe ya ciro igiyar daga wuyansa, ta maƙale a hula, hular ta faɗi, ya tsaya kai ba hula a gaban malaman da ya girme su duka. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, kuma ya ji tsoron sito har cikin ƙashinsa. Hajiya ta ba Malama Mashkura makullin.

Malama ta juya shi a hannu, ta ce, "Hajiya, ina da roƙo. Shafi biyun nan da ya buga, ban sami kuskure ko na harafi ɗaya ba, ni kuwa da yatsa biyu nake bugu. A bar makulli a wurina, in riƙa buɗe masa da safe. Sharaɗi ɗaya ne, in na fara magana ya bari in kai ƙarshe."

Hajiya ta ce, "Ka ji. Za ka iya?"

Gwadabe ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Ya yi niyyar cewa shi ai duk Jigawa babu mai sauraro kamarsa, maganar ta zo har leɓe, ya haɗiye ta. Ya gyaɗa kai.

"To zauna ka gwada," in ji Malama.

Ya zauna. Ya danne na kusurwa da yatsa ɗaya, ya taɓa mai kibiya da ɗaya, a hankali, karo na farko a rayuwarsa da bai doki maɓalli ba. Kibiya ta hau. Da ya ɗaga hannu, gumin tsoro ya jiƙa tawadar jiya, sai ga tambarin yatsunsa biyu, shuni shar, a kan maɓallan nan biyu. Aka goge da tsumma, aka goge da kananzir, suka ƙi fita.

Tun daga ranar, duk malamin da ya zo buga bekta ba ya buƙatar tambayar kowa, cewa ake yi ya danna masu shunin nan. Makulli bai sake hawa wuyan Gwadabe ba har ya yi ritaya, kullum da safe a bakin ƙofa yake tsayawa yana jiran Malama Mashkura ta zo ta buɗe masa. Amma in ka je majalisar Yalwawa bayan la'asar, zai baje maka yatsun nan a kan gwiwa, ya ce maɓallai ɗari da 'yan kai ne a jikin kwamfuta, turawan da suka ƙera ta ba su iya nuna wa mutane biyun da ke da amfani ba, sai da shi ya sa musu hannu. Baffa Idirisu kuwa har gobe bai yarda an yi kuskure ba, ya ce shi dai nasa gabas suka kalla.